Furfurar Gidan Malam Uba

Injin gwajin kunne a cikin baƙar jakarsa. Ƙullin kanwa na kunun Yaya Badi'a. Kwalin baƙin rinin gashi, wanda Umma ta yi ta kirana tun safe kada in manta da shi. Waya mai tsagaggiyar fuska, da saƙon Musbahu wanda ban buɗe ba. Abin da ke kan cinyata ke nan a cikin adaidaita, mun maƙale a bayan wata tirela a hanyar Challawa, warin majema ya biyo mu har cikin hijabi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Shifa'u. Aikina auna kunnuwan ma'aikata a kamfanoni, in faɗa musu abin da ƙarar inji ta rage musu. A Indiya na karanto shi, bara na dawo. Ban iya ƙawata magana ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Na buɗe saƙon.

"Likita, gobe da hantsi su Gwaggo Rahamatu za su kawo akwatuna. Ta ce a gaya wa amarya ban da ɓuya, ido da ido take son ganinki. Na ce mata ta shirya, ido ɗaya ma zai ishe ta."

Idona na dama yake nufi. Na hagu baƙi ne kamar na kowa, na dama kuwa fari-fari ne mai shuɗi, irin na mage. A makaranta an sha tsokanata a kansa. Musbahu ne mutum na farko da ya kalle shi bai kawar da kai ba. Injiniya ne a wani kamfanin roba a Bompai, a can muka haɗu. Na sa masa abin ji a kunne, na ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Bai ɗaga ba. Na ɗauka kurma ne, ashe kallona yake yi.

Akwai abin da bai taɓa gani ba. A ƙarƙashin ɗankwalina, daga goshi zuwa tsakar ka, akwai farin gashi mai faɗin yatsa biyu. Da shi aka haife ni. Baba yana da shi, Yaya Badi'a ma haka. A gidanmu ana kiransa tambarin arziki. Maza barinsa suke yi, har su karkata hula don a gani. Mata kuwa rine musu shi ake yi, don wai ba a kai amarya da furfura. Duk wata Umma take zaunar da mu ta shafe shi, tun muna firamare. Da na je Indiya na daina. Ba mai ganin kaina a can, kuma na gaji da warin rini.

Gidanmu a Sharada yake, bayansa ya jingina da katangar wani kamfani. Idan janaretonsu ya tashi, kofuna rawa suke yi a cikin kwando. Idan jiniyar canjin aiki ta busa, mai magana sai ya dakata da bakinsa a buɗe har ta gama. A haka muka tashi.

Na tarar da tsakar gida cike da 'yan barka. Yaya Badi'a ta zo wankan gida, haihuwarta ta fari, arba'in saura kaɗan ta koma wurin mijinta Muntari. Jaririyar, Aina'u, tana kwance a kan zani a inuwa, da 'yar rigar saƙa ruwan ɗorawa. A goshinta ga ɗan farin gashi kamar an ɗiga madara. Idanunta duka biyun irin nawa na dama ne.

Ina cire takalmi jiniya ta busa. Kaji suka watse. Ɗan maƙwabciyarmu da ke goye ya tsala ihu. Aina'u ko yatsa ba ta motsa ba.

"Tabarakallah," in ji maƙwabciyar tana jijjiga nata. "Wannan ita ce 'yar Sharada ta asali. Nawa kullum sai ya firgita."

"Ai tun tana ciki take jin jiniya," in ji Umma. "Ta saba. Yarinya mai haƙuri, ko kukan dare ba ta cika yi ba."

"Ga tambari, ga haƙuri. Muntari ya yi sa'a."

Aka yi dariya. Na miƙa wa Umma kanwa da kwalin rini, na shige ɗaki.

Sai da na jira aka kashe janareto na hutun sallar la'asar, don injina ba ya aiki cikin hayaniya. Na ce Yaya ta kawo min yarinyar. Abin ba wuya: ɗan ƙaramin kai ne na roba ake sawa a kunne, ya aika da sauti, kunne mai lafiya ya mayar da amsa. Na taɓa gwada ta bayan suna, ban sami amsa ba, na ce wa kaina ruwan haihuwa ne bai gama fita ba. Yau na gwada dama. Na gwada hagu. Na sauya kan roba na sake.

Yaya tana zaune a bakin gado, ɗaure da zanin jego, ƙafafunta sun yi jajir da ruwan zafi. Ba injin take kallo ba, fuskata take kallo.

"Faɗa min," ta ce. "Kuma ban da Turancinki."

"Sai an kai ta asibiti an yi babban gwaji. Wannan nawa ƙarami ne."

"Shifa'u."

"Ina jin ba ta ji, Yaya. Duka biyun."

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta karɓi 'yarta, ta gyara mata hula.

"Shekaranjiya na saki murfin tukunya a kusa da kanta," ta ce. "Da gangan. Umma ta yi min faɗa wai zan razana ta. Ni kuwa so nake ta razana. Addu'a nake yi ta razana."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In na gaya miki ai ya zama gaskiya."

Na faɗa mata abin da na sani. Ƙwaƙwalwar Aina'u lafiya lau. Za ta yi wayo, za ta yi karatu. Akwai na'urar da ake sawa, wasu tana taimaka musu. Akwai maganar hannu, akwai malamanta. Amma sai an fara da wuri, tun kafin ta yi zama, kuma sai duk wanda ke gidan ya sani, don ba a koya wa yaro magana a ɓoye.

"Ni ce na ba ta?" ta tambaya.

"Ke kika ba ta, Baba ya ba ki, shi ma wani ya ba shi. Abu ɗaya ne da farin gashin. Da idon."

Ban san Umma tana bakin labule ba sai da ta ɗaga shi.

"Wane irin zance ne wannan? Ke da aka tura karatu, abin da kika kwaso ke nan? Ki zo ki sa wa jaririya baki?"

"Umma, ba baki ba ne. Ku dubi Baba."

"Babanku injin masaƙa ne ya cinye masa kunne. Duk Sharada an sani. Je ki layin nan ki ƙirga tsofaffin da sai an yi musu ihu. Su ma gadon ne?"

"Su ba gado ba ne. Shi gado ne."

Ta saki labulen, ta matso, ta rage murya. Umma ba ta faɗin sunan Yaya, 'yar fari ce.

"To na ji. Ko da gaskiya ne, ki rufa mana asiri. Gobe za a kawo lefenki. Ita wannan ko ɗakinta ba ta koma ba. Kin san uwar Muntari. Ki bari a ɗaura naki, ki bari ta koma ta zauna, in ya so daga baya a ce zazzaɓi ne ya taɓa kunnen. Wa zai musa?"

"Daga baya lokaci ya wuce mata, Umma."

"Wata nawa ne? Yarinyar da ko wuya ba ta tsayar ba?" Ta share ido da bakin mayafi. "Bayan magariba zan kwaɓa rinin. Gwaggonnin Musbahu mata ne, za su so ganin kitso. Ba za ki fita musu da kai kamar na kakarsu ba."

Na ɗauki Aina'u na fita da ita zaure, don ɗakin ya yi min kaɗan.

Baba yana kan buzunsa. Malam Uba mai masaƙa, haka ake kiransa har yau, ko da yake masaƙar Bompai ta rufe tun ina ƙarama. Yanzu kansa duka ya yi fari, tambarin ya ɓace a ciki. Ya miƙo hannu na ba shi ita. Na zauna ta damansa kamar kullum, don ta nan ake yi masa magana.

Bai yi mata wasa da baki ba. Kwantar da ita ya yi a ƙirjinsa, ya shiga rera waƙa a maƙogwaro, can ƙasa. Sai ta buɗe ido ta yi tsit, ta ɗora ɗan hannunta a wuyansa.

"Baba, kun sani ke nan."

"Ranar suna na sani. Da aka yi kabbara a kanta."

"Kunnenku ba inji ba ne."

Ya daɗe yana shafa bayanta.

"Na hagu ban taɓa ji da shi ba tunda nake. Na dama ma rabi ne. A ƙauye dolo ake ce min, don sai an kira ni an sake. Da na zo Kano aka sa ni ɗakin saƙa, inda injuna suka fi ƙara, ba mai son wurin. Ni kuwa na ji daɗinsa. A can ba mai jin wani. Da hannu ake magana. Zare ya tsinke, haka. Oga na zuwa, haka. Lokacin abinci, haka." Yana yi yana nuna min da yatsu. "A ɗakin nan ne kaɗai na zama daidai da kowa. Da muka fito, duk mun zama kurame. Ba wanda ya tambayi wa ya shiga da nasa."

"Umma ba ta sani ba?"

"Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba." Ya kalli fuskar jaririyar. "Ina da ƙanwa, Lami. Irin idon nan gare ta, duka biyu. Ba ta taɓa magana ba. Aka ce mutanen ɓoye ne suka riƙe harshen. Aka yi ta hayaƙi, aka yi ta rubutu. Ta girma, ta yi daka, ta yi surfe, ta rasu, ba wanda ya san abin da ke ranta. Ni ma ban sani ba. Na koyi maganar hannu a Bompai, amma kafin in koma gida an binne ta."

Wayata ta yi ƙara. "Ina ƙofar gida, Likita. Na zo duba lafiyar kunnena."

Na mayar da Aina'u ciki, na sa hijabi mai ruwan toka, na fito da kujeru biyu na roba. Musbahu ya sha farar shadda, hula zanna, ƙamshin turarensa ya danne warin kwata. Ya miƙo min ledar tsire.

"Na mai jego ne, kada ki taɓa. Na san halinki." Ya zauna, ya dube ni. "Lafiya? Yau idon nawa ya yi duhu."

Ku sani, gidansu gidan karatu ne. Mahaifinsa, Malam Muhammad Nazir, yana da makarantar hadda a Hotoro. 'Ya'yan gidan tun ba su iya tsarki ba suke jin tilawa, da kunne suke ɗauka kafin su ga allo. Musbahu kansa yakan turo min karatunsa da asuba. Ya taɓa ce min ɗanmu na fari tun yana ciki zai fara biya masa.

"Aina'u ba ta ji," na ce.

"Inna lillahi. Ciwo ta yi?"

"Haka aka haife ta. Kuma abin a jinina yake."

"Wane jini kuma? Ba mun yi gwaji ba? Ni AA, ke AA. Da hannuna na karɓo takardar."

"Wancan na sikila ne. Abu ɗaya ya duba. Wannan daban ne."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ga sai na yi masa da abin da ya sani.

"Ka san motar da ke ɗaukar ma'aikata da safe? A ce mota ɗaya ce take sauke wasu a Sharada, wasu a Challawa, wasu a Bompai. Ran da ta lalace a hanya, kamfani uku ne za su rasa mutane, alhali mota ɗaya ce ta tsaya. To tun mutum yana ciki, akwai ƙwayoyin da ke ba da launi. Tafiya suke yi, wasu zuwa gashi, wasu zuwa ido, wasu zuwa can cikin kunne, don kunne ma ba ya aiki sai da su. Ƙwayar gado guda ɗaya ce take kai su. A gidanmu ita ce ke da rauni. Inda ba su isa ba a gashi, ya yi fari. A ido, ya yi haske. A kunne, shiru."

"Amma ke kina ji."

"Ni a ido da gashi ta tsaya min. Yaya a gashi kawai. Baba a gashi da kunne. Aina'u duka."

"Gashi?"

"Ina da furfura a goshi tun haihuwa. Ba ka gani ba ne."

Ya kalli idona na dama. Ya daɗe. Sannan, a karo na farko tunda na san shi, ya kawar da kai.

"'Ya'yanmu fa?"

"Kowane ɗa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne. Cikin waɗanda suka ɗauka, wani zai ji sarai, wani da kunne ɗaya, wani ba zai ji ba. Ba wanda zai iya gaya maka wanne ne kafin ya zo."

Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza. Muka jira.

Na shirya wa abu biyu. Ko ya tashi ya tafi, ko ya ce ya ji ya gani. Ko wanne ya yi, na san yadda zan ɗauke shi. Ban shirya wa na uku ba.

"Shifa, ni ina sonki. Ba abin da ya canja. Wallahi ba abin da ya canja." Ya matso da kujerarsa. "Amma kada Hajiyarmu ta ji. Kada Gwaggo Rahamatu ta ga gashin nan gobe. Ki rine shi kawai. In Allah ya ba mu mai ji, shi ke nan, ba wanda ya san an yi. In kuma ya ba mu ɗayan, sai mu ce ƙaddara ce. Ai ƙaddarar ce ma."

"Ƙaddara ce. Amma mun san ta."

"To mene ne amfanin tayar da hankalin tsofaffi a kan abin da wataƙila ba zai faru ba?"

"In ya faru fa? Ranar da Hajiya ta ga ɗanka da farin gashi ba ya waiwayen kira, sannan ta tuna 'yar yayata, me za ta ce na yi?"

"Zan tsaya miki."

"Yau ma ba ka tsaya ba."

Bai ji daɗin maganar ba, na gani. Ni ma ban ji daɗinta ba. Amma ban janye ta ba.

"Kin san gidanmu," ya ce a hankali. "In suka ji, ba za su kawo akwatunan nan ba. Ni na san su. So kike mu rasa juna saboda gashi?"

"Ba saboda gashi ba ne, Musbahu."

Aka kira magariba. Ya mayar da hularsa, ya miƙe. Ya yi kamar zai ƙara magana, sai ya ce in gaida mai jego. Na bi bayan shaddarsa da kallo har ya sha kwana. Ban iya ƙawata magana ba, na gaya muku. Ina son mutumin nan. Ban taɓa son wani ba kafin shi, kuma ba na jin akwai layin masu jiran mace mai idon mage.

Bayan sallah na shiga ɗakin Yaya. Ta idar, tana zaune a kan sallaya, Aina'u a cinyarta. Ta tura ɗankwalinta baya, saiwar gashin goshinta ta fara fitowa fara a ƙarƙashin tsohon rini. Tana taɓa bakinta da yatsu, sannan ta taɓa na jaririyar.

"Baba ya nuna min," ta ce. "Wai abinci ke nan. Da shi za mu fara." Ta sake yi. "Na kira Muntari. Na ce ya zo gobe da kansa, ban da aike. Ni zan gaya masa."

"In ya ƙi fa?"

"'Yarsa ce. In ya ƙi, 'yata ce."

Waya ta yi haske a hannuna. "Don Allah, Likita. Rini ne kawai. Kwana ɗaya ne kawai. Ki yi mana."

Daga tsakar gida na ji cokali yana buga kwano. Warin ya riga ta isowa, warin da na sani tun ina 'yar shekara shida. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, kwanon a hannu ɗaya, tsohon buroshi a ɗayan, leda ɗaure a yatsunta. Idanunta sun kumbura.

"Zo ki zauna, Shifa'u, kafin ya bushe. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa ba. Ita ta sayar da awarwaronta na tafi Indiya.

Na cire hijabi, na cire ɗankwali. Na ga idonta ya sauka a kan farin, ya yi tsawo yanzu, har cikin kitso.

"Umma, ku yafe min."

Jiniyar dare ta busa. Umma ta runtse ido, Yaya ta dafe kunne, ni ma na ji ta har haƙori. Aina'u tana kallon fitila, tana wasa da ƙafa.

Da jiniyar ta yi shiru, na kama marfin ƙofar. Na tura shi har ya rufe, na sa sakata. Ta bayansa na yi maganar, don in na ga fuskarta ba zan iya ba.

"Gobe da furfurata zan fita wurinsu, Umma. Zan gaya musu abin da take tafe da shi. In sun ajiye akwatunan, sun ajiye da saninsu."